Gada da Kurɓin Farko

An yi wani tafki a tsakiyar daji wanda komai tsananin rani ba ya ƙafewa. Al'adar dabbobin wurin ita ce, kowace safiya Gwanki, Sarkin Tafki, shi ke fara sa baki a ruwa, sannan saura su biyo. Gwanki tsoho ne marar yawan magana. Akwai kuma Gada, 'yar ƙarama mai kyan gani, sai dai hassada ta riga ta cinye mata zuciya.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda Gwanki yake yi. Sai ya daki ruwa da ƙafa, ya ja baya, ya ƙura ido, ya sake duka. Wata rana ma ya ce kowa ya zagaya ɗaya gefen. Su kuwa suna tsaye, maƙogwaro a bushe.

"Ku dubi yanga!" in ji Gada. "Shi ya sha garau, mu mu sha laka. Da me ya fi mu? Ƙaho?"

Bushiya, wadda ba ta son rigima, ta ce, "Ke dai bi a hankali. Haka muka taso muka tarar."

"Ku kuka tarar! Ni ban ga dalili ba."

Gada ta daina barci. Ko a mafarki Gwanki take gani yana kurɓar ruwanta. Ta shiga bin dabbobi rami-rami tana zuga su, har aka kira taro a gindin tsamiya aka ce a ba ta sarautar.

Gwanki ya dube ta ya ce, "'Yata, kin san abin da ake yi kafin a sha?"

"Buɗe baki ake yi, Baba. Shi ma sai an koya?"

Aka kwashe da dariya.

"Ki bari in nuna miki ko sau ɗaya."

"Riƙe abinka. Zamaninka ya wuce."

Da gari ya waye, Gada ta lashe jikinta tas, ta taho tana rangwaɗa. Ba ta daki ruwa ba, ba ta duba ko'ina ba. Ta tsoma baki ta yi kurɓi ɗaya, har da lumshe ido.

Sai ruwa ya dare. Kada ne, baki a wangame! Gada ta juya ta daka tsalle, amma ya riga ya cafke wutsiyarta. Ta fizge da ƙyar, ta bar masa fiye da rabi. Ranar babu wanda ya sha ruwa.

Washegari ƙishirwa ta sake koro kowa bakin tafki. Aka yi cirko-cirko, idanu duk a kan Gada.

"Ranki ya daɗe," in ji Bushiya, "ke muke jira. 'Ya'yanmu sun galabaita."

Gada ta dubi ruwan, kwance lumui kamar ba komai a ciki. Ta kasa gaba, kunya ta hana ta baya.

Can sai Gwanki ya ratso taron. Ya ɗaga ƙafa zai daki ruwa don Kada ya motsa a ga inda yake kwance. A nan ne Gada ta ga ƙafar, duk tabon haƙora ne, sabo a kan tsoho. Duk shekarun nan bakinsa take kallo, ba ta taɓa duban ƙafarsa ba.

Ta sunkuyar da kai ta koma can baya da guntuwar wutsiyarta. Da layi ya zo kanta ta sha lakar.

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka yi hassadar wanda ke gaba, ka tambayi abin da yake tarewa a madadinka. Shugabanci nauyi ne, kuma mai neman sa don daɗin kurɓin farko shi zai fara gamuwa da abin da ke cikin ruwa.