Kafintan da Hannunsa Ke Rawa

Akwai wani kafinta a wani gari, sunansa Barnaba. Bencinan majami'ar garin duk shi ya yi su, haka ƙofofi da akwatunan amare. Amma abin da ya fi sani da shi, ya kuma fi ƙauna, shi ne haɗa jita. Yakan zaɓi katako, ya fere, ya lanƙwasa, ya manna, har abin ya zama kayan yabon Ubangiji.

A majami'ar nan akwai wani dattijo, Malam Zakka, wanda yakan zaga asibiti kowace Lahadi da yamma yana rera wa marasa lafiya waƙoƙi. Wata rana ya faɗi da kekensa, jitarsa ta ragargaje. Da aka yi sanarwa a sujada, Barnaba ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ni zan haɗa wa Baba sabuwa."

Ya kuwa sa hannu. Ya ɗauko wani busasshen maɗaci da ya daɗe yana ajiya, wanda ba shi da irinsa kuma, ya yi wuyan jitar da shi. Ya haɗa cikinta, ya manna wuyan, ya goge ta da samfefa har ta yi sumul. Abu ɗaya ya rage: makullai, wato ƙarafunan nan da ake murɗawa a ja tsirkiya. Kafin a ɗaura su sai an huda ramuka shida a kan jitar, uku a dama, uku a hagu. Ba ya iya hudawa sai makullan sun iso daga Legas ya auna tazararsu, su kuwa suka yi jinkiri a hanya.

Ana cikin jira Barnaba ya kwanta rashin lafiya. Allah ya tashe shi, amma da ya tashi sai ya tarar hannunsa na dama yana rawa.

Ranar da makullan suka iso, ya rufe shagonsa ta ciki, ya ɗauki guntun katako don gwaji. Ya kunna injin huji, ya huda rami. Ramin ya karkace. Ya sake, na biyu ya fi na fari muni. A na uku katakon ya tsage gida biyu.

Barnaba ya zauna a kan benci yana duban tsagaggen katakon. Ya san aikinsa sarai. In rami ɗaya ya karkace, makulli ba zai juya ba. In kan jitar ya tsage, ba gyara, gama wuya da ciki sun riga sun zama jiki ɗaya. Sai ya ɗauki tsohon zane ya lulluɓe jitar, ya ɗora ta can saman kabad.

Daga ran nan ya fara guje wa Malam Zakka. In an tashi sujada, sai ya fita ta ƙofar baya. In dattijon ya tare shi ya ce, "Barnaba, yaya aikinmu?" sai ya sa hannu cikin aljihu ya ce, "Ana nan ana yi, Baba." Dattijon kuwa ya ci gaba da zuwa asibiti, yana waƙa da tafi kawai, muryarsa tana dushewa kafin ya gama zaga ɗakuna.

Matarsa Tabita kuwa tana lura da shi. Wata safiya ta miƙa masa kofin kunu, ya karɓa, kunun ya zube a gwiwarsa. Ta goge, ta zauna kusa da shi.

Ta ce, "Baban Rahila, hannun nan ne ya hana ka gama jitar Baba Zakka, ko ba haka ba?"

Ya ce, "In mutane suka ji hannun kafinta yana rawa, wa zai ƙara kawo masa ko da kujera? Na yi addu'a har na gaji, Tabita. Bai daina ba."

Ta ce, "To, bari in kira Yaya Filibus."

"Kada ki kuskura!"

"Zan kuskura," in ji ta, ta ɗaura ɗankwalinta ta fita.

Filibus yayanta ne, mai aikin ƙarfe a bakin tasha, mutum ne marar yawan magana. Ya zo da hantsi, ya gaisa da Barnaba, bai ko dubi hannun ba. Ya ce a sauko da jitar. Ya juya makullan a hannunsa, ya tambayi faɗin rami da tazarar da ake so, ya sa makulli ɗaya a aljihu ya tafi. Barnaba ya wuni yana cewa a ransa, yau kam asirinsa ya gama tasha.

Kashegari Filibus ya dawo da wani ɗan curin ƙarfe mai kauri, mai kusurwa huɗu, da ramuka uku miƙaƙƙu a jikinsa. Ya ɗora shi a gefen kan jitar daidai inda Barnaba ya yi alama, ya sa ƙyalle don kada ya ƙuje katakon, ya matse shi da ƙarfen matsi har ba ya motsi. Sa'an nan ya miƙa wa Barnaba injin.

Barnaba ya ja da baya. Ya ce, "Yaya, kai ka huda. Dubi hannuna."

Filibus ya ce, "Na gani tun jiya. Ni ƙarfe na sani. In na huda katakon nan ƙona shi zan yi, ban kuma san inda zan tsaya ba. Kai ka sani. Sa bakin injin cikin ramin ƙarfen, ka tura a hankali."

"In ya karkace fa?"

"Ta ina zai bi ya karkace?"

Barnaba ya karɓa. Hannun yana rawa har igiyar injin tana kaɗawa. Ya sa bakin a ramin farko, ya kunna. Garin katako ja ya fara zubowa. Hannun bai daina rawa ba, amma ƙarfen ya riƙe bakin injin ta kowane gefe, ba inda zai bi sai gaba. Da ya ji a tafin hannunsa zurfin ya isa, ya tsaya, ya zare. Ya hure ƙurar, ya kai ido. Ramin ya miƙe sak.

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya huda na biyu da na uku. Suka juya jitar, suka sake matse ƙarfen a ɗaya gefen, ya huda sauran. Ya ɗauki makullan ya tura, suka shige sulu, ba tilas, ba girgiza. Ya murɗa ɗaya da yatsa, ya juya lafiya lau.

Saura 'yan ƙananan kusoshi masu murɗi da ke riƙe makullan. Ya ɗauki ɗaya, ta kuɓuce ta faɗi cikin garin katako. Tabita ta tsugunna ta tsince ta. Ta ce, "Ni da nake zura zare a allura, wannan ce za ta gagare ni?" Ta riƙa saita kowace kusa a gurbinta, shi yana ɗaurewa da sukurdireba, yana cewa, "Ya isa haka, in aka matse da yawa katakon zai ji ciwo."

Ya ɗaura tsirkiyoyi, ya murɗa makullan ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kunne har kowace ta hau muryarta. Da ya kaɗa su gaba ɗaya, sautin ya cika shagon. Barnaba ya zauna daɓas a kan benci, ya rufe fuska, dariya da hawaye suka haɗe masa.

Da yamma ya kai jitar gidan Malam Zakka da kansa. Da dattijon ya miƙo hannu za su gaisa, Barnaba ya ba shi na dama, yana rawa a fili. Dattijon ya riƙe hannun cikin nasa biyu, ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ran Lahadi ka zo mu tafi asibitin tare."

Yanzu ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Hannun nan mai rawa shi ne rauninmu. Wani tsufa ne, wani ciwo, wani tsoro, wani kuwa ya taɓa faɗuwa ne har ya daina amincewa da kansa. Mukan yi abin da Barnaba ya yi: mu lulluɓe aikin da Allah ya ba mu, mu riƙa fita ta ƙofar baya, alhali akwai masu jiran hidimarmu.

Curin ƙarfen nan kuwa Maganar Allah ce. Ba ta rawa domin kai kana rawa. Wanda ya tsaya cikin abin da Ubangiji ya faɗa, ko da zuciyarsa tana kaɗawa, hanyarsa za ta miƙe. Ku lura, hannun Barnaba bai warke ran nan ba, Filibus kuma bai karɓe masa aikin ba. Sau da yawa haka Ubangiji yake yi da mu. Ba ya jira sai mun yi ƙarfi kafin ya more mu, yakan riƙe mu ne a cikin aikin.

Kada kuma ku manta, taimakon bai shigo shagon ba sai da wani ya sani. Ikkilisiya cike take da irin su Tabita da Filibus, amma ba za su iya kama abin da ka ɓoye a aljihu ba. In akwai abin da ke rawa a rayuwarka, kada ka koma da shi gida yau a ɓoye. Faɗa wa Ubangiji, ka kuma faɗa wa ɗan'uwa ɗaya mai aminci kafin ka bar harabar nan.