Hajiya Shatu Mai Yi Wa Ciki Sallama

Akwai wani direban tasi a Makka mai suna Sufyan. Cunkoson Ramadan ba ya ba shi tsoro, amma da an ce surukarsa Hajiya Shatu na nemansa, sai ya fara neman wurin ɓuya.

Kowa a unguwar Tandabawi ya san Hajiya Shatu. In ta haɗu da mai juna biyu, cikin take fara yi wa sallama kafin ta gaida mai shi. Har suna take raɗa masa. Cikin 'yarta Hadil, matar Sufyan, tun bai fito ba ta sa masa Majid, ta ce in ma mace ce za ta saba.

Ana haka likitoci suka gano Hadil na da ciwon zuciya. Suka ce in cikin ya girma ranta na cikin haɗari, shawararsu a cire. Aka tambayi malami, ya ce a irin wannan hali addini ya yi sauƙi. Hadil ta sha kukanta, ta ce ba za ta taka asibiti ba sai uwarta ta sani, kuma ita bakinta ba zai iya faɗa ba.

Sai aka tura Sufyan.

To jama'a, Bahaushe ko a Makka aka haife shi, ta ina zai buɗe baki ya ce wa surukarsa "ciki"? Ya durƙusa bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Hajiya, dama... maganar wancan al'amarin ne."

"Majid? Yana lafiya? Ci abinci tukuna, ya waladi, ɗana."

Ya cinye wake da gurasa tas, ya koma gidansa a unguwar Shisha da dabinon ajwa da 'yan rigunan jariri da Hajiya ta ba shi, bai faɗa mata ba. Washegari ya sake ɗaura ɗamara, ya dawo da gadon jariri ɗaure a saman tasi. Hadil ta leƙa ta taga, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Shi kuwa hankalinsa a tashe, don likita ta ce kada a ja lokaci.

Zuwansa na gaba ya tarar an riga shi. Maƙwabciyar Hajiya, Sa'adiya, wadda labari ba ya kwana a cikinta, ta tsinto zancen a wajen dangi.

"Ke da kike gaida cikin mutane," in ji Sa'adiya, "a ce a gidanki za a zubar? Ni dai da 'yata ce, sai dai ta nemi wata uwar."

Hajiya ta juyo. "Sufyan, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Hajiya."

"Shi ne ka zo kana cinye min wake kana tafiya?"

Ta zari abayarta. A mota kuwa Sufyan har ya fara tunanin inda zai kwana in ta kore shi daga gidansa.

Da suka isa ta sa ya kira likitar. Ta yi ta jero mata tambayoyi da Larabci, ko akwai magani, ko akwai wata hanya, har wayar ta mutu. Sannan ta zauna kusa da 'yarta.

"Allah ya sani ina son cikin nan," ta ce. "Amma ke ma cikina ce, Hadil, girma kawai kika yi. Me kike so?"

"Umma, tsoron mutuwa nake. Kuma ina tsoron fushinki."

"Bar nawa. Ke ce za ki kwanta a gadon, ke za ki yanke. In kin ce a je, ni zan riƙe miki hannu."

Hadil ta ce a je. Aka yi aikin lafiya.

Hajiya ta tare a gidan ta hau yi mata jego sosai, ruwan zafi, gasasshen nama, kunun kanwa. Sufyan ya karaɗe shaguna kafin ya samo kanwar. Yana shigowa kicin ya tarar Sa'adiya ta zo dubiya, ko mu ce ganin ƙwaf, Hajiya kuwa tana dama kunu hawaye na zuba.

"Af," in ji Sa'adiya, "ba ke kika yarda ba? Kukan na mene ne?"

Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na yarda, kuma gobe ma zan yarda. 'Yata na ɗaki tana numfashi, shi ne nake dama kunu. Jikana kuma ba zan taɓa ɗaukarsa ba, shi ne nake kuka. Miƙo min ludayin nan, in ba aiki kika zo yi ba ki ba ni wuri."

Sa'adiya ta miƙa ludayi.

Darasi: Mutum zai iya ganin darajar abin da ke ciki har ya yi masa kuka, kuma ya tsaya tare da macen da larura ta sa ta yanke shawara mai ɗaci. Kada ka yi hukunci a kan abin da ba jikinka zai ɗauka ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wata na can tana tsoron faɗa wa uwarta.