Ranar da Aka Kashe wa Gwaggo Makirufo

Kun ishe ni da tambaya. Mutum ba zai miƙe ƙafa ba sai an ce ya ba da labari? To ke mai danna waya, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki.

Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo. Ita ta kafa ƙungiyar mawaƙan unguwarsu, ita ta koya wa shugabansu na yanzu buɗe baki, tun yana yawo da majina. Da ya girma ya samu sandar jagorancin mawaƙan, sai ya fara jin kunyar muryarta. Wai ta tsufa, tana rawa.

Ranar ɗaukar waƙarsu aka tara kowa a ɗaki guda. Mawaƙa sun jeru a kan benci, masu ƙaho a gabansu, masu ganguna a kusurwa bayan katifun da aka jingina don rage ƙara, wayoyi a ƙasa kamar an zubar da igiyoyi. Gwaggo aka kai ta can ƙarshen layi, aka dasa mata makirufo ita kaɗai.

"Na girmamawa ne, Gwaggo," in ji shugaba.

Ta sunkuya gyara takalmi, sai idonta ya bi wayar makirufon. Bakin wayar na kwance ƙarƙashin kujera, ba a soka shi ko'ina ba. Ashe so yake ta yi ta waƙa wa iska. 'Yan matan layin gaba har suna ƙunshe dariya.

Ta ɗago ta gyara zama. Zuciyarta na tafasa, fuskarta kamar ruwan randa.

Aka fara ɗauka, ana ɓatawa ana sakewa. Yanzu mai ganga ya riga kowa, an jima wani ya yi tari. Gwaggo leɓe kawai take motsawa, tana ajiyar murya. Har muryoyin sauran mawaƙa suka dushe, leɓunan masu ƙaho suka kumbura.

Babban masu ƙaho ya ce, "Wannan ce ta ƙarshe. Ko uwata ta roƙe ni ba na ƙara busawa."

Wannan karon komai ya zauna daram. Ana isa tsakiyar waƙa, Gwaggo ta cika ƙirji ta saki murya. Ta haye kan ƙahoni, ta ratsa katifu, ta cika ɗakin har rufi.

Da aka kunna, shugaba ya yi tsalle. "Cire ta!"

Mai ɗaukar sauti ya ɗaga kafaɗa. "Daga ina? Tana cikin makirufon ganguna, tana cikin na ƙaho, har naka ta shiga. In na goge ta, na goge ku duka."

Masu ƙaho kuwa sun riga sun rufe akwatunansu.

Shugaba ya zo gabanta yana murza hannu. "Gwaggo, ai kuskure aka yi..."

"Kuskure ne, ɗana," ta ce. "Ka je ka saurara. Duk inda aka kunna waƙar nan, kai za a gani da sanda, ni za a ji."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta waiwaya ba.

Darasi: Wanda ya koya maka magana, ba ka isa ka rufe masa baki ba. Ku tura wa duk mai jin kunyar na gaba da shi.

Ajiye wayar nan haka. Kowa ya wuce ya kwanta, kada in ƙara jin motsi.