Baran da Ya Karɓi Gajeriyar Azara

Akwai wani maigida da ya tashi gina wa mahaifiyarsa tsohuwa ɗakin soro. Da gini ya kai rufi, sai ya yanko kara daidai tsawon da ake bukata, ya ba baransa. Ya ce, "Duk azarar da aka kawo, ka gwada ta da wannan. Wadda ba ta kai ba, a mayar da ita."

Mai faskare na farko ya kawo tasa, guda ɗaya ta gaza da faɗin yatsa. Ya ce wa baran, "Haba ɗan'uwa, a kan ɗan wannan? Ai ƙasa za ta rufe." Baran ya ji kunya, ya karɓa. Mutumin ya tafi yana sa masa albarka, kan bara kuwa ya kumbura.

Nan da nan labari ya bazu cewa a gidan nan ba a mayar da kaya. Duk wanda aka ƙi azararsa a wani wuri sai ya kinkimo ta. Ga gajeru, ga karkatattu, ga waɗanda gara ta fara ci. Baran ma ya jingine karan, ya koma awo da ido, yana cewa, "Ai na san abin da maigida yake nufi." Ku ji fa! Wa ya aike shi sanin nufi? Ma'auni aka ba shi.

Magini ya jera azarun, wasu da ƙyar suka taɓa bango. Aka yaɓe da ƙasa, ɗaki ya yi kyau, tsohuwa ta tare.

Da damina ta yi tsakiya, rufi ya sha ruwa ya yi nauyi. Gajerun suka zame, sauran suka bi su. An ciro tsohuwa da rai, amma ƙugunta ya karye, ba ta ƙara takawa ba. Maigida ya tara masu faskare, suka ce, "Ranka ya daɗe, mu kawowa muka yi. Baranka shi ya karɓa."

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan Ubangiji ne, ma'aunin Maganarsa ce, baran kuwa ni ne da ku. Iyaye, dattawan ikkilisiya, mai haɗa magani, har da mai tsara wa kwamfuta yadda za ta karɓi bayanai, kowa an ba shi ƙa'idar abin da zai bari ya wuce. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, idan mutum ya kau da kai, sai mu ce yana da kirki. Wane irin kirki? Tsoron fuskar mutane ne kawai. Mai kawo gurɓataccen kaya ya koma gida lafiya, mai karɓa ya sha godiya. Wadda ba ta nan lokacin da ake alfarmar, ita ake ɗauka yau a kai ta bayan gida.