Bushiya Kakakin Majalisa da Dokar Katanga

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wata Bushiya da dabbobin daji suka zaɓa Kakakin Majalisa. Wakilai huɗu ne a majalisar: Dila da Barewa na masu dogayen ƙafafu, Beguwa da Kunkuru na masu gajeru. Aikin Bushiya ta zauna bisa kututture, ta ba kowa dama ya yi magana, ta ƙirga masu ee da masu a'a. Ba ta goyon bayan kowa, ba ta kuma jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki.

Wata shekara rani ya yi tsanani, tafki ɗaya ya rage a dajin. Sai Dila ya kawo ƙudiri, wai a kewaye tafkin da katanga don kada ruwa ya gurɓace, mai son sha ya tsallaka. Bushiya na ji gabanta ya faɗi. Ita da ko tushen dawa ba ta iya tsallakewa! Ta kuma san duk wanda ya kasa, sai ya tafi kogi ta hanyar da ta ratsa ƙofar gidan Dila. Amma Kakaki ba ta da bakin suka. Ta haɗiye, ta ce an yi karatu na ɗaya.

Tana sauka ta gangara unguwar agwagi, ta ce, "Jama'a, doka sai an karanta ta sau uku. An yi ɗaya. Ku je ku gaya wa wakilinku Kunkuru ba ku so."

Iya Agwagwa, babbarsu, ta rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, ai ke ce da daji. Ki hana kawai."

"Ni ba sarauniya ba ce. Dama nake bayarwa a yi magana."

"To, Allah ya ja zamanin sarauniya."

Bushiya ta koma gida ƙayoyinta a miƙe don haushi.

Aka yi karatu na biyu. Ta sake gangarawa har da 'yar gangarta, ta ce gobe ranar jin ra'ayin jama'a ce, kowa ya zo ya faɗi nasa. Suka zo kuwa, amma kun san me suka kawo? Wannan ta ce a raba ta da maƙwabciyarta mai satar mata dusa. Waccan ta ce Kakaki ta zo ta raɗa wa jikanta suna. Ba wanda ya ambaci katanga. Dila na gefe yana lasar baki.

Ran karatu na uku ta bi su gida gida tun da hantsi, muryarta har ta dishe.

"Don Allah ku zo ku tashi wakilinku! Ni ba sarauniya ba ce!"

"To, Allah ya ja zamanin sarauniya."

Kai, yara, ni mai ba ku labarin ma raina ya ɓaci. Aka zauna. Dila da Barewa suka ce ee. Beguwa ta ce a'a. Kunkuru yana cikin ƙoƙonsa yana ta minshari, don tunda aka zaɓe shi ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi me yake yi a can. Bushiya ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce da bakinta, "Masu ee sun rinjaya." Hawaye na zubo mata.

Aka gina katanga. Agwagi suka kama hanyar kogi. Goma su tafi, tara su dawo. Tara su tafi, takwas su dawo. Dila kuwa sai sheƙi yake, wuya na ninkuwa.

Ran nan agwagi suka yo gayya gidan Bushiya da zagi, wai ta ci amanarsu. Suka tarar da ita kwance, harshe a bushe, kwana uku ba ta ga ruwa ba. Iya Agwagwa, wadda aka cinye mata 'ya'ya biyu, ta dube ta ta ce, "Ashe ke ma dokar ta ci ki. To wai yaya ake yi ne?"

Bushiya ta ce, "Tun farkon rani nake jiran wannan tambayar, Iya. Zauna."

Washegari agwagi suka kewaye Kunkuru, suka yi ta saran ƙoƙonsa ƙwas ƙwas har ya leƙo. Suka tasa shi gaba zuwa majalisa, ya kawo gyara: a huda ƙaramar kafa a gindin katanga. Karatu na ɗaya suna nan. Na biyu suna nan. Na uku, da Kunkuru ya fara gyangyaɗi, Iya ta ɗan sare shi a wutsiya. Dila da Barewa suka ce a'a. Beguwa da Kunkuru suka ce ee.

Dila ya daka tsalle ya ce, "Kakaki ba ta zaɓe!"

Bushiya ta ce, "Sai an yi kunnen doki. Na ce ee."

Aka huda kafa, agwagi suka shiga a jere suka sha, Bushiya na bayansu. Dila ya zo zai tsallaka katanga, tumbin da ya tara ya dawo da shi ƙasa tim. Ya gwada kafa, kai ya shiga, ciki ya ƙi. Ya yi gaba ya kasa, ya yi baya ya kasa, ga ruwa yana gani.

"Ranki ya daɗe, ki ba da umarni a faɗaɗa mini!"

Bushiya ta goge bakinta ta ce, "Ni ba sarauniya ba ce. Ka kawo ƙudiri, a karanta sau uku."

To kun ji. In kun tura wakili, ku bi shi ku ga ko barci yake.

Ƙurunƙus kan Dila mai tumbi.