Masuncin da Igiyarsa ta Gaza

Akwai wani masunci da ya tashi a bakin kogi. Da kogin ya ƙafe, sai ya kwashi matarsa da 'ya'yansa uku, ya koma wani ƙauye a bakin teku. Abin da ya mallaka duka kwalekwale ne da taru guda, gadon mahaifinsa.

A shekara ta fari ya sami kifi. A ta biyu kuwa aka yi wata iska, ta yi makonni tana kaɗawa, kifin da ke yawo a sama duk ya watse. Kullum ya jefa taru, sai ya jawo ciyawa. Hatsi ya ƙare a gidan, har matarsa takan ɗora ruwa a murhu don yara su yi tsammanin ana dafa abinci.

Wani tsohon masunci, maƙwabcinsa, ya ce masa, "Ɗana, a bayan tsaunin can, inda iska ba ta da ƙarfi, akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Wani ɗan kifi yana zaune a tsakaninsu. Ba ya tasowa sama, iska kuma ba ta korarsa. Ka sa ƙugiya a igiya, ka ɗaura mata dutse, ka saki har ka ji dutsen ya taɓa ƙasa."

Mutumin ya tafi. Kwana uku yana sakin igiya, yana dawowa hannu wofi. Ya je wurin tsohon da ɓacin rai, ya ce, "Baba, ba kome a wurin nan."

Tsohon ya ce, "Ka ji dutsen ya taɓa ƙasa?"

Mutumin ya ce bai ji ba. Tsohon ya karɓi igiyar, ya auna ta, ya sami gaba talatin. Ya ce, "Zurfin wurin gaba arba'in ne."

To, ba wata igiya a gidan sai wadda ke riƙe da bakin tarun, in ya zare ta kuwa, tarun ya tashi aiki. Ya zauna yana ta kallonsa. Matarsa ta ce, "Maigida, yaushe rabon tarun nan da ya kawo mana ko ƙaya?"

Sai ya zare igiyar, ya ƙulla ta da ta farko. Kashegari ya saki, ya saki, har ya ji dutse ya dira. Jim kaɗan aka fizgi igiyar. Da ya jawo, sai ga ɗan kifi mai ƙaton kai, launinsa kamar na dutse, bai fi tafin hannu ba. Ranar ya kama goma sha ɗaya. Da irinsu iyalinsa suka rayu har iska ta kwanta.

Ma'anar misalin nan ke nan. Iskar ita ce wahalar da takan zo wa kowane gida. Ɗan kifin shi ne taimakon Ubangiji, wanda ba ya gushewa, ko da bai zo da girman da muke so ba. Igiyar kuwa addu'armu ce. Da yawa a cikinmu mukan roƙa kwana uku, mu tashi mu ce Allah bai ji ba, alhali ba mu kai ƙasa ba. Wani lokaci kuma sai mun kwance abin da muka saba dogara da shi, ko sana'a, ko wani babban mutum, ko wayonmu, kafin addu'ar ta isa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ka ce teku ba kifi, auna igiyarka.