Akwatin Littattafan Malam Ɗanlami

Akwai wani magidanci a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, ba nisa da garin Sinnar, ana ce masa Abdulmuttalib. Manomi ne mai rufin asiri, kuma mutane na girmama shi saboda darajar mahaifinsa.

Mahaifin nasa, Malam Ɗanlami, marubuci ne. Da alƙalamin kara yake rubutu, da tawadar da yake haɗawa da kansa. Ya kwafi littattafan addini da Larabci, ya kuma rubuta waƙoƙin wa'azi da Hausar ajami. Amma akwai littafi guda da ya fi ji da shi. A cikinsa ya tattara labarin kakanninsu: yadda suka baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, garuruwan da suka yada zango, da waɗanda suka rasu a hanya, har sauran suka iso bakin kogin nan suka zauna.

A zamanin Malam, zaurensa cika yake yi bayan La'asar. Yana karantawa, maza na saurare, mata na jiyowa daga cikin gida. Wanda waƙa ta yi wa daɗi sai ya ari takardar, ya kwafa, ya maido. Littafin tafiyar ne kaɗai ba ya fita, don kullum Malam cewa yake bai gama shi ba.

Da Malam ya rasu, Abdulmuttalib ya tattara littattafan ya zuba a wani babban akwatin katako, ya sa kwaɗo, ya ajiye a kusurwar ɗakinsa. Ƙanwarsa Widad, wadda ke aure a nan cikin ƙauyen, ba ta samu komai ba sai wasu 'yan siraran littattafan waƙa. Su ma don a ɗakinta suke ne, saboda ita ce take karanta wa Malam su lokacin da idonsa ya yi rauni.

Ba wai Abdulmuttalib ba ya son littattafan ba ne. Yana son su ƙwarai. Amma a hankali son ya zama taƙama. In baƙo ya zo sai ya nuna masa akwatin daga bakin ƙofa, ya ce, "Duk ƙasar ga babu gidan da ya gaji abin da mun ka gada."

Wata rana Malam Adam, mai koyar da yara karatun allo, ya zo neman aron waƙa guda don ya karanta wa ɗalibansa.

Abdulmuttalib ya ba shi shayi, sannan ya ce, "Ma'alesh, ka yi haƙuri, Malam. Mutanen yanzu ba su san darajar takarda ba. In ta fita gidan ga, ba ta dawowa yadda take."

Malam Adam ya yi godiyar shayi, ya tafi.

Har 'yarsa ta cikinsa, Huda, wadda ta yi karatun boko a Sinnar, ta roƙe shi ya bar ta ta duba.

Ya ce, "Mi za ki gane ciki? Ke da in kin fara magana da Hausa sai kin ƙarasa da Larabci?"

Maganar ta yi wa Huda zafi. Ta yafa mayafinta ta nufi gidan gwaggonta.

Ta tarar da Widad a tsakar gida tana soya bunnu, 'ya'yan gahawa, za ta haɗa jabana, wato gahawar da mata ke zaman sha da rana. Da ta ji abin da ya faru, sai ta yi murmushi.

Ta ce, "Zauna, ɗiyata. Haruffan Larabci kin san su. Abin da ya rage ki saba da yadda Hausa ke zama cikinsu. Ɗauko wancan na kan angarib."

Huda ta ɗauko littafin daga kan gadon igiyar. Ta fara karantawa tana tuntuɓe, Widad na gyara mata ba tare da ta ɗaga murya ba. Maƙwabta da suka shigo shan jabana suka zauna sauraro. Wata tsohuwa ta ji baitin da ta daɗe ba ta ji ba, ta kama share hawaye da gefen mayafi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace Juma'a da yamma mata na haɗuwa a gidan Widad. Wadda ta iya rubutu ta ari littafi ta kwafa. Wadda ba ta iya ba ta kai wa 'yarta ko mijinta ya kwafa mata.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. An taɓa maido mata littafi da tabon gahawa a tsakiyar shafi. Wani kuma yaro ya yage masa gefe. Widad ta ji ciwo a ranta, don rubutun hannun mahaifinta ne. Amma ta zauna ta sake rubuta abin da ya lalace daga abin da ta haddace, ta liƙa, ta kuma ba da aro.

Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne na maƙwabciyarta Habi. Habi ta ari littafin da Widad ta fi so, sai tafiya ta kama ta da iyalinta zuwa tsinkar auduga a wajen Hasahisa. Da aikin ya ƙare ba su dawo ba, suka yi zamansu can. Littafin ma ya bi su.

Da Abdulmuttalib ya ji, har gida ya zo.

Ya ce, "Kin gani ko? Ɗan abin da Baba ya bar miki kina ta rabawa kamar dabino. Nawa na nan, ko ƙura ba ta taɓa su ba."

Widad ta ce, "Yaya, na ji zafin rashinsa, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ban taɓa ganin Baba ya hana mai son karatu takarda ba."

Ya ce, "Baba zamaninsa daban." Ya fita.

Shekaru suka wuce. Akwati na kusurwa, kwaɗo na jikinsa.

Wata shekara aka yi damina mai ruwa sosai, har bangon ɗakuna ya jiƙe. Bayan ruwa ya ɗauke, Huda na share ɗakin mahaifinta sai ta ga wata siririyar hanyar ƙasa ta taso daga daɓe ta hau bayan akwatin.

Ta fito ta ce, "Baba, zo ka gani. Kamar gara ce."

Abdulmuttalib ya daɗe yana neman mabuɗin, don ya manta inda ya sa shi. Da ya buɗe, littattafan na sama suna nan lafiya a ido. Ya kai hannu ya ɗaga na farko, sai bangon fatar ya taso shi kaɗai. Ƙarƙashinsa babu komai sai jar ƙasa da gara na kai da komo. Ya tona har ƙasan akwatin. Abin da ya samu bai wuce 'yan guntayen takarda ba, wani da kalma ɗaya, wani da rabin layi.

Ya zauna a ƙasa, hannunsa duk ƙasa. Yana nan zaune har aka kira Azahar.

Da yamma ya tafi gidan ƙanwarsa. Huda ta riga ta kai mata labari. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

Ya ce, "Widad, na kashe aikin Baba."

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zuba masa jabana. Ba ta tuna masa maganar da ya taɓa faɗa mata ba.

Ta ce, "Sha tukuna, Yaya. Ba duka ya tafi ba. Ka manta mutane nawa sun ka kwafi waƙoƙinsa tun yana da rai? Mu tambaya mu gani."

Huda ta ɗauki wayarta ta aika saƙon murya ga 'yan uwa da abokan arziki: duk mai wata takarda da aka kwafa daga Malam Ɗanlami, don Allah ya taimaka ya sanar.

Wanda ya fara zuwa shi ne Malam Adam. Ya kawo waƙoƙin da mahaifinsa ya kwafa a zauren Malam, ya miƙa wa Abdulmuttalib ya ce, "Ka riƙe har ku gama." Abdulmuttalib ya karɓa, ya kasa haɗa ido da shi.

Daga Rusairis aka turo hotunan wasu shafuka ta waya. Wata tsohuwa ta fito da takarda daga cikin gafakar Alƙur'anin mijinta. Sai kuma wata rana direban motar haya ya tsaya ƙofar gidan Widad da ƙunshi daga Hasahisa. Littafin nan ne da Habi ta tafi da shi, ya tsufa, gefensa ya yi baƙi saboda yawan taɓawa. Habi ta haɗo da saƙon ban haƙuri. Ta ce kunya ce ta hana ta magana, kuma matan ƙauyensu sun kwafe shi gida gida, har yara sun haddace.

A haka yawancin waƙoƙin Malam suka dawo. Littattafan Larabcin kuwa dama akwai irinsu bugaggu a kasuwar Sinnar.

Littafin tafiyar ne babu wanda yake da shi.

Suka tafi wurin Alhaji Salih, dattijon da ya fi kowa shekaru a ƙauyen, wanda ya sha zama a zauren Malam. Yana kishingiɗe a inuwa, Huda ta zauna gefensa da alƙalami da takarda, mahaifinta na tsugune.

Alhaji Salih ya faɗi abin da ya tuna. Ya ambaci fitowar ayarin, da daminar da suka tsaya suka yi noma a hanya don su samu guzuri, da ratsa ƙasar Wadai. Huda na rubutawa da ajami.

Can sai tsohon ya ce, "A nan ne matar da ta haifi kakanku ta rasu, bayan ta sauka. Malam ya rubuta sunanta, da sunan rijiyar da an ka binne ta kusa da ita. Na ji shi ya karanta da kunnena."

Abdulmuttalib ya matso. "Mi ne sunanta, Alhaji?"

Tsohon ya rufe ido, ya daɗe. Ya buɗe ya girgiza kai. "Wallahi ya fita. Ka yafe mini, ɗana."

Huda ta dubi mahaifinta. "Baba, mi zan rubuta a nan?"

Ya ce, "Ki bar wurin fari. Duk wanda ya karanta ya tambaye ki dalili, ki gaya masa gaskiya. Sunan yana gidanmu shekara da shekaru, ni na kulle shi har ya ɓace."

Huda ta bar layin babu komai, ta ci gaba daga ƙasansa.

Darasi: Ilimin da aka kulle ba ajiye shi aka yi ba, jiran lalacewa yake yi. Wanda aka ba mutane suka karanta, suka kwafa, suka koya wa 'ya'yansu, shi ne ke rayuwa ko da takardar farko ta tafi. In akwai tsohon rubutu a gidanku, ku buɗe shi yau, ku karanta wa yara, ku bar mai so ya kwafa. In akwai tsoho mai labari, ku zauna da shi tun yana iya tunawa. Ku tura wannan ga 'yan uwa, wataƙila wani ya tashi ya duba akwatin gidansu.